GUZURIN MANIYYACI DA NAUYIN KAYANSA

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya hore wa 'yan Adam hanyoyin tudu da na ruwa da na sararin sama, ya kuma sanya ziyarar Ɗakinsa mai alfarma ta zama rukuni na biyar daga rukunan Musulunci. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, kowace shekara idan azumi ya wuce aka fara kiran maniyyata zuwa bita, sai kasuwar Sabon Gari da Kantin Kwari su cika da masu sayen jakunkuna da yadduna, teloli su hana idonsu barci, mata kuma su duƙufa wajen dakan yaji da shanya kuɓewa. Malamai suna ƙoƙari ƙwarai wajen bayanin farillan hajji da wajibansa da sunnoninsa, amma ba kasafai akan tsaya a kan maganar kaya ba, domin ana ɗaukarta maganar duniya ce kurum. Alhali kuwa sau da yawa kaya ne ke hana alhaji sallar jam'i a Masallacin Harami, kaya ne ke jawo cacar baki tsakanin mutanen da ke cikin harami, kaya ne kuma ya taɓa kai waɗansu bayin Allah gidan kurkuku a ƙasar da ba su da kowa. Abin da ke iya rage ladan ibada, ko ya jefa Musulmi cikin halaka, lalle ya cancanci a yi wa'azi a kansa.

Ma'aunin da shari'a da hankali suka haɗu a kansa guda ne, kuma sharuɗɗansa uku. Matafiyi ya ɗauki abin da zai wadatar da shi daga roƙon mutane, ya zama zai iya ɗaukarsa da hannunsa, ya zama kuma ya san duk abin da ke cikinsa.

ABIN DA TASHAR KANO TA GANI

Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a shekarar 1911, aka buɗe ta ga fasinjoji da kaya a 1912. An gina tashar a bayan ganuwa, daura da Fagge, wadda tun zamanin ayari take masaukin fatake da baƙi, ba da jimawa ba kuma Sabon Gari ya tsiro a kusa da ita. Gyaɗa da fatu da ƙiraga su ne suka fi cika taragu, amma tun daga farko tashar ta zama mashigar masu niyyar Gabas. Mutanen Ikko da Badun da Ilori da Zariya sukan sauka a nan, su nemi masauki a Fagge, su jira abokan tafiya. A 1930 aka miƙa hanyar har Nguru, waɗansu suka riƙa bin ta don rage nisan da ke tsakaninsu da Barno. Masu hali kuwa sukan gangara Ikko su shiga jirgin ruwa, kamar yadda Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya yi a 1921, ya biya ta Ingila kafin ya isa Makka.

Talaka dai hanyarsa ta tudu ce. Daga Yarwa ya tsallaka ƙasar Cadi, ya bi ta Abashe ya shiga Darfur, ya wuce Jinaina da Fashir har Al'ubayyid, inda zai sami jirgin ƙasan Sudan ya kai shi gaɓar Bahar Maliya, daga Sawakin kuma jirgin ruwa ya ƙetare da shi Jidda. Wani a mota, wani a kan jaki, wani a ƙasa. Idan guzuri ya ƙare sai a tsaya a yi ƙodago, musamman tsinkar auduga a gonakin Jazira bayan an buɗe su a 1925, a tara abin da aka tara a ƙara gaba. Wani ya yi shekara biyu, wani bakwai, wani ma can ya zauna, zuriyarsa na Sudan har yau.

To, mene ne kayan irin wannan matafiyi? Gafaka mai Alƙur'ani, da buzu ko 'yar tabarma, da buta, da salka, da ƙwarya ko kwano guda, da riga biyu, da bargo, da sanda, da kayan sana'arsa idan wanzami ne ko baduku ko maɗinki. Wanda ya fi hali shi ne mai adudu ko akwatin ƙarfe. Bargon nan shi ne shimfiɗa da dare, shi ne mayafi da asuba, shi ne inuwa da rana tsaka. Rawanin nan shi ne kariyar ƙura, shi ne igiyar guga idan rijiya ta yi zurfi. Hanya ce ta koya musu haka, domin a tasha sikeli na jiran kowane ƙunshi, abin da ya wuce ƙa'ida a biya masa kuɗi, a kan iyaka a kwance shi a bincika, a cikin daji kuma babu ɗan dako sai wuyan mai kaya.

A 1948 waɗansu attajiran Kano, Alhaji Mahmud Ɗantata da Alhaji Haruna Kasim da Alhaji Ibrahim Musa Gashash, suka kafa kamfanin jigilar alhazai wanda aka fi sani da WAPA, sunan da har yanzu ake kiran wani sashe na Fagge da shi. Sannu a hankali jirgin sama ya karɓe aikin daga hannun mota, tafiyar shekaru ta koma ta sa'o'i kaɗan. A 1975 gwamnatin tarayya ta kafa hukumar alhazai ta ƙasa baki ɗaya, a 1977 kuma alhazan Nijeriya suka haura dubu 100. Abin mamaki shi ne, yayin da tafiya ta gajarta sai kaya suka ƙaru. Kakan da zai yi shekara biyar a hanya ya tashi da abin da zai rataya a kafaɗa, jikan da zai yi kwana talatin ko arba'in kuwa sai an yi masa hayar mota ta musamman ta kai kayansa sansanin alhazai.

GUZURI WAJIBI NE

Kada wani ya fahimci cewa ana kiran mutane su tafi hannu rabbana. Imamu Buhari ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Abbas, Allah ya yarda da su, cewa mutanen Yaman sun kasance suna zuwa hajji ba tare da guzuri ba, suna cewa su masu tawakkali ne, amma da zarar sun iso Makka sai su shiga roƙon mutane. A kan haka ne Allah ya saukar da umurnin yin guzuri a aya ta 197 ta Suratul Baƙara, ya kuma bayyana a cikinta cewa tsoron Allah shi ne mafificin guzuri. Malaman tafsiri sun ce daga cikin wannan tsoron Allah har da mutum ya kare mutuncinsa daga bara, ya kuma kare mutane daga nauyinsa.

Aya ta 97 ta Suratu Ali Imrana ta rataya wajibcin hajji a kan samun iko. A mazhabar Imamu Malik ikon nan shi ne mutum ya iya isa Makka ba tare da matsananciyar wahala ba, yana da aminci a kan ransa da dukiyarsa, ko da a ƙasa zai tafi, muddin yana da sana'ar da za ta ciyar da shi a hanya. Da wannan fatawa ce mutanen da suka dogara suka bi hanyar Sudan da aska ko allura a cikin jaka. Watau su ma ba su tafi da niyyar zama kaya a kan kowa ba. A yau babu halin yin sana'a a hanya, saboda haka kuɗin guzuri da magani da tufafin da za su isa sun zama dole. Wanda ya tafi da takalmi ɗaya tsinkakke, ko ya bar maganin hawan jininsa a gida da sunan tawakkali, ya saɓa wa ayar, kuma abokan ɗakinsa ne za su ɗauki wahalarsa.

KOYI DA FIYAYYEN HALITTA

Kuskure na biyu, wanda ya fi yawa a wannan zamani, shi ne wuce gona da iri. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi hajjin ban kwana a shekara ta 10 bayan hijira, lokacin da ƙasar Larabawa ta riga ta miƙa wuya, da ya so da an jera masa raƙuma ɗari na kaya. Amma Buhari ya ruwaito daga Anas ɗan Malik cewa raƙumin da ya hau shi ne kuma ke ɗauke da guzurinsa. Ibnu Majah da Tirmizi a cikin Shama'il sun ruwaito cewa sirdinsa tsoho ne, abin da aka shimfiɗa a kai kuma bai wuce dirhami huɗu ba, a kan wannan sirdi yake roƙon Allah ya sa hajjin ya zama babu riya a cikinsa, babu neman suna.

Abu Dawuda kuma ya ruwaito daga Asma'u 'yar Abubakar cewa sauran kayan Manzon Allah da na Sayyidina Abubakar a kan raƙumi guda aka ɗora su, aka danƙa shi a hannun wani yaron Abubakar. Da aka yada zango a wani wuri da ake kira Araj sai yaron ya iso babu raƙumi, ya ce ya ɓace masa tun daren jiya. Ran Abubakar ya ɓaci, yana mamakin yadda raƙumi ɗaya tak zai ɓace wa mutum, har ya kai masa hannu. Manzon Allah kuwa murmushi kawai yake yi, yana nuna wa sahabbai su dubi abin da mai harami yake aikatawa. A cikin wannan labari akwai darasi biyu. Na farko, shugaban halitta da babban abokinsa, tare da iyalinsu, a tafiyar fiye da mako guda, raƙumi ɗaya ya ishe su. Na biyu, ɓatan kaya na iya tunzura ko da mafi haƙurin mutane, alhali ayar da ta yi umurni da guzuri ita ce kuma ta hana jayayya a cikin hajji. Idan raƙumi ɗaya ya ɓata ran Siddiƙu, ina ga mai ƙunshi bakwai a filin jirgin Jidda?

ZAƁEN JAKA

Hukumar Alhazai ta Ƙasa, wadda aka kafa a 2006, tare da hukumomin jihohi, sun daɗe suna raba wa maniyyata jakunkuna iri ɗaya. Shekaru da yawa a baya ƙa'idar ta kasance babbar jaka kada ta wuce kilo 32, ta hannu kuma kilo 8. Wannan ƙa'ida takan sauya gwargwadon yarjejeniyar da aka yi da kamfanonin jiragen sama, don haka wajibi ne maniyyaci ya ji ta wannan shekara daga bakin jami'an hukumarsa a wurin bita, ya kuma tsaya a kanta, domin sharaɗi ne da ya amince da shi, Musulmi kuwa an san shi da cika sharaɗi.

Mai zuwa Umra ko wata tafiya da zai sayi jaka da kansa, ya duba abu huɗu. Ya ɗaga ta tun babu komai a ciki, domin jakar da ita kanta ta kai kilo 6 ko 7 ta riga ta cinye rabon tufafi. Ya gwada zif ɗinta da ɗinkin hannunta, don nan ne jaka ke fara mutuwa. Ya duba tayoyinta, su zama masu ƙwari waɗanda ba su fito waje sosai ba, saboda jifar da ake yi da kaya wajen lodi. Sa'an nan ya zaɓi matsakaiciya, domin babbar jaka kiran kaya take yi, mai ita ba ya samun natsuwa sai ya ga ta cika. Akwatin ƙarfe ya yi zamaninsa a taragon jirgin ƙasa, a jirgin sama kuwa nauyi ne kawai. Buhun leda mai zif da ake kira Gana-mas-go ba shi da nauyi, amma yana saurin yagewa, ba ya kulluwa da kyau, waɗansu kamfanonin jirage ma ba su karɓarsa.

Da yake jakunkunan alhazai kamanninsu ɗaya ne, sai mutum ya rubuta sunansa da jiharsa da lambar fasfonsa a waje da kuma ciki, ya ɗaura wani ƙyalle mai launi a hannunta, ya sa mata kwaɗo. Kafin ranar tashi ya aro sikeli ya auna a gida, sa'an nan ya ja ta da kansa daga ɗaki zuwa ƙofar gida, ya hau da ita matakala idan akwai. Abin da ya gagare shi a gidansa yana da ƙoshin lafiya, ba zai yi masa sauƙi ba a Madina bayan kwanan zaune.

Jakar hannu ita ce abokiyar tafiya ta gaskiya. A cikinta za a sa fasfo da katin rigakafi da sauran takardu, da magunguna, da waya da cajarta, da tufafi sauyi ɗaya, da ƙaramin Alƙur'ani. Wanda jirginsa zai sauka Jidda ya zarce Makka, lalle haraminsa ya kasance a jakar hannu ko a jikinsa, domin jirgi yakan ratsa daidai miƙati tun yana sama, wanda kuwa ya wuce miƙati bai yi harama ba hadaya ta hau kansa. Wanda zai fara da Madina yana da sarari har Zul Hulaifa. Almakashi da reza da abin yanke farce sai a babbar jaka, haka kuma duk wani abu mai ruwa da ya wuce mililita 100.

A tuna kuma cewa ainihin kwanakin hajji, daga 8 ga Zulhajji zuwa 12 ko 13, babbar jaka a masaukin Makka take zama. Da ƙaramar jakar goyo ake fita Mina, a wuce Arfa, a kwana a filin Muzdalifa, a dawo a yi ta tattaki zuwa wurin jifa. Abin da ya ishi mutum a waɗannan kwanaki, waɗanda su ne hajjin kansa, shi ne hujja a kansa cewa yawancin abin da ya bari a masauki bai zama dole ba.

TUFAFIN DA KE AIKI DA YAWA

Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar cewa an tambayi Manzon Allah abin da mai harami zai sa, sai ya lissafa abin da ba zai sa ba, watau riga da rawani da wando da alkyabba mai hula da huffi. Abin da ya rage wa namiji shi ne gyauto biyu, na ɗaurawa da na yafawa, da takalmin da bai rufe idon sawu ba. Harami biyu sun isa, ɗaya na Umra da kwanakin farko, ɗaya a sauya idan na farko ya yi dauɗa. A zaɓi na auduga mai matsakaicin kauri, wanda ba ya nuna jiki idan ya jiƙe da gumi. Gyauton sama shi ne mayafi a Muzdalifa, bayan an sauke harami kuma ya zama tawul ko shimfiɗa. Malaman Malikiyya sun halatta ɗamarar kuɗi ga mai harami idan guzurinsa ne a ciki, ya ɗaura ta a jikin fatarsa ƙarƙashin gyauto.

Wajen kwanakin da ba na harami ba, jallabiya ko kaftani uku marasa nauyi, da wando uku, da hula biyu, da kayan hukuma da ake ba alhazai don a gane su, sun wadatar. Iskar Makka busasshiya ce, rigar da aka wanke da hantsi ta bushe kafin La'asar. Fari ya fi, domin Manzon Allah ya kwaɗaitar da sa fararen tufafi, kuma fari ba ya riƙe zafi. Babbar riga mai aiki da shadda mai sitaci nauyinsu ya kai na jallabiya uku ko huɗu, ga neman guga, ga takura a cikin cunkoson ɗawafi. Aya ta 31 ta Suratul A'araf ta yi umurni da yin ado a wurin sallah, ita ce kuma ta hana ɓarna, ado kuwa a nan tsabta ce da suturta al'aura.

Mace haraminta tufafinta ne na yau da kullum masu suturta jiki, sai dai ba ta ɗaura niƙabi, ba ta sa safar hannu. Dogayen riguna uku ko huɗu na auduga, da dogon wando a ciki saboda hawa da sauka da kwanciya a fili, da hijabi uku, da zane biyu, sun ishe ta. Zanen atamfa guda yana aikin da kaya biyar ba su yi: a ɗaura shi, a shimfiɗa shi, a yi labule da shi a tanti, a lulluɓa da shi idan na'urar sanyi ta yi yawa, a ƙunshe wanki a ciki. Idan launukan kayan sun dace da juna, kowane hijabi zai hau da kowace riga, ba sai an yi wa kowace riga nata ba. Leshi mai duwatsu da gwala-gwalai wurinsu gida, domin a can ba su haifar da komai sai tsaro da fargaba. Hajiyar da ke sauya kaya sau uku a yini don matan ɗaki su gani, sai ta tuna da addu'ar da aka yi a kan tsohon sirdin nan.

Takalmi shi ne abin da aka fi rainawa, shi ne kuma ya fi cutarwa. Sa'ayi kaɗai ya kai wajen kilomita 3, ban da ɗawafi da zirga-zirgar masauki da tattakin jifa. A tafi da takalmin da ƙafa ta saba da shi, a ƙara silifa ɗaya na wanka, a kuma tanadi 'yar jakar da za a riƙa sa su idan za a shiga masallaci. Sabon takalmi a ranar Arfa sai ya sa mutum ya yi jifa da kumburarriyar ƙafa.

Maganar zafi kuwa ba abin wasa ba ce. A hajjin 2024 zafin Makka ya haura digiri 51, hukumomin Saudiyya kuma suka ba da sanarwar rasuwar mutum fiye da 1,300, galibinsu waɗanda suka yi doguwar tafiya a rana ba su da izinin hajji balle tanti. Saboda haka lema da gorar ruwa suna gaba da rigar ado. Muslim ya ruwaito daga Ummul Husaini cewa ta ga ɗaya daga cikin Bilal da Usama ya ɗaga tufa yana kare Manzon Allah daga rana har ya yi jifan Aƙaba, da wannan ne mafi yawan malamai suka halatta lema ga mai harami. A cikin littattafan Malikiyya akwai tsanantawa a kan waɗansu surori na wannan mas'ala, sai maniyyaci ya nemi bayani wurin malamin bita. Mai zuwa Umra a lokacin hunturu kuma ya sani Madina na da sanyin asuba, rigar sanyi guda ta ishe shi.

ABINCI DA SAƘO

An saba tafiya da garin tuwo da kuka da daddawa da manja da tukunya da risho, tun zamanin da alhaji ke dafa wa kansa. Yanzu ciyarwa na cikin kuɗin kujera, kuma tun bayan gobarar Mina ta 1997 aka tsananta hana girki a tantuna. Ɗan yaji da ɗan abin taɓawa marar ruwa sun isa. Goro kuwa hukumar alhazai ta sha gargaɗi cewa haramtacce ne shiga da shi Saudiyya, wanda ya ɓoye shi a cikin kaya ya saɓa wa doka, ya kuma ja wa 'yan ƙasarsa bincike da wulaƙanci. Magani a bar shi a cikin kwalinsa na asali, tare da takardar likita.

Sharaɗi na uku, watau sanin abin da ke cikin kaya, shi ne mafi haɗari. Hukuncin safarar miyagun ƙwayoyi a Saudiyya yana kaiwa ga kisa. A ƙarshen 2018 an kama wata ɗaliba da ta je Umra daga Kano, saboda wata jaka mai ƙwayoyi da aka liƙa wa sunanta ba da saninta ba, ta yi wata huɗu a tsare kafin bincike ya wanke ta a 2019. Wannan baiwar Allah ba ta karɓi saƙon kowa ba ma, ina ga wanda ya karɓi ƙunshi a ɗaure don jin kunyar maƙwabci? Duk saƙon da mai shi ba ya son a kwance a gabansa, a mayar masa da abinsa. A wurin awo kuma mutum ya ƙirga jakunkunansa, ya ƙirga takardun shaidar da aka ba shi, ya tabbata adadinsu ɗaya ne. Mai jaka ɗaya wannan lissafi ba ya yi masa wuya.

RANAR KOMOWA

Ciniki a lokacin hajji halal ne. Sahabbai sun ji tsoron yin saye da sayarwa a kasuwannin Ukaz da Majanna da Zul Majaz, sai aya ta 198 ta Suratul Baƙara ta ɗauke musu wannan damuwa. Tsaraba kuma kyauta ce, kyauta kuwa tana ƙara ƙauna. Amma sallah ɗaya a Masallacin Harami ta fi sallah dubu 100 a waninsa, kamar yadda ya zo a hadisi, don haka wanda ya ƙarar da kwanakinsa na ƙarshe a kantuna yana taya bargo da agogo da tangaran, ya yi ciniki mai faɗuwa. Galibin waɗannan kaya ma daga ƙasar Sin ake kai su can, irinsu kuma na nan jibge a Sabon Gari da Kwari. Dabino da carbi da hula da ɗan turare sun isa su faranta ran dangi. Wanda ya tafi da jaka rabi babu komai, ya riga ya tanadi wurinsu.

Ruwan Zamzam an hana sa shi cikin jakunkuna, akan ba kowane alhaji galan mai lita 5 ta hannun kamfanin jirgi. Wanda ya cusa gora a tsakiyar tufafi, na'ura za ta nuna, a sauke jakar a farke ta, wani lokaci jirgi ya yi jinkiri saboda shi. Mutum ɗari huɗu ko biyar, cikinsu da tsofaffi da marasa lafiya, su yi ta zama a filin jirgi don son zuciyar mutum goma, wannan haƙƙi ne da istigfari kaɗai ba ya kankare shi. Haka nan wanda ya lallaɓa ya ɗora rarar kayansa a kan wata tsohuwa da ba ta iya cewa a'a. Kwaɗayi dai mabuɗin wahala ne.

Wannan nasiha ba ta tsaya ga alhazai kaɗai ba. Ɗalibin da zai tafi Misira ko Malesiya, da ɗan kasuwar da zai tafi Dubai ko Sin, da majinyacin da za a kai Indiya, duk ma'auninsu ɗaya ne. Manzon Allah ya siffanta tafiya da cewa yanki ce ta azaba, ya kuma umurci wanda ya gama buƙatarsa ya gaggauta komawa ga iyalinsa. Mai hankali ba ya ƙara wa azaba nauyi da hannunsa.

Buhari da Muslim sun ruwaito cewa wani mutum ya faɗo daga kan taguwarsa a filin Arfa ya rasu, sai Manzon Allah ya yi umurni a wanke shi da ruwa da magarya, a yi masa likkafani da gyautonsa biyu, ya kuma ba da labarin cewa za a tashe shi ranar ƙiyama yana talbiyya. Tufafin da suka ishe shi tsayuwar Arfa su ne suka ishe shi kwanciyar kabari. Maniyyaci ya tuna da wannan sa'ad da yake tsugune gaban jakarsa yana shawarar abin da zai sa da abin da zai bari, ya kuma tuna cewa kafin ɗaure kaya akwai biyan bashi, da mayar da amana, da neman gafarar waɗanda aka zalunta, da barin abin da zai ishi iyali, domin waɗannan ne nauyin da sikelin filin jirgi ba ya nunawa.

Allah ya kai maniyyata lafiya, ya karɓi ibadarsu, ya komo da su ga iyalansu lafiya. Waɗanda ba su samu zuwa ba kuma Allah ya kira su suna da rai da ƙoshin lafiya. Allah ya gafarta wa magabatan da suka rasu a kan hanyar Gabas, amin.